Notin da Ban Ɗaure Ba

Malamarmu ta Hausa ce ta aiko a ce in rubuta wa 'yan matan makarantarmu wani abu a kan sana'ata, tunda yanzu magana ta fita cewa akwai mace bakanikiya a Talata Mafara. Ta ce in ƙarfafa musu gwiwa. Uku daga cikinsu ma sun zo har gida ran Asabar, suka leƙa wurin aiki, ɗaya ta ce, "Ashe ba wuya, kwance noti ne da ɗaure noti." Ban ce mata komai ba a lokacin. Ga abin da ya kamata in faɗa mata. In Malama ta ga bai dace a karanta a aji ba, ta ajiye.

Sunana Hauwa'u, a gida Kulu. Babana, Malam Garba, ya haura shekara talatin yana gyaran mota a rumfar da ke ƙofar gidanmu. Mu huɗu ya haifa, duk mata, ni ce ta biyu. Tun ina firamare ni ke wanke masa notuna da boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, a cikin kananzir, in jera su a kan buhu yadda suka fito daga jikin mota, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. In na rikita jerin sai ya zubar da su a ƙasa ya ce in sake wankewa. Na yi shekaru a wannan ajin kafin ya bar ni in riƙe sifana.

Shekarar da na gama sakandare, cikin damina, ya faɗi a bakin rumfa. Shanyewar ɓarin jiki. Wata huɗu yana kwance. Masu koyon aiki suka watse, direbobi suka koma wasu wurare, har awaki suka mai da rumfar wurin kwana. Da ya tashi, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun dama kuwa yana iya riƙe kofi amma ba ya jan sifana. Kuma ya fara manta ƙananan abubuwa: inda ya ajiye hula, ko ya sha magani ko bai sha ba. Wannan mantuwa ta fi hannun damunsa.

Akwai kango a gefen gidanmu mai ƙofar kwano, da wata 'yar ƙofa da ke ɓullewa tsakar gida. Nan muka mai da aiki. Baba ya riƙa gaya wa masu mota cewa yanzu a hankali yake yi, kuma ba ya son a tsaya masa a ka, a tura mota cikin kango a dawo gobe. In an rufe ƙofa sai in cire hijabi in sa tsohuwar rigar aikinsa. Shi yana kan benci yana faɗa, ni ina yi. Ba wanda ya zauna ya ce mu ɓoye. Amma wane direba ne zai ɗora mutum goma sha biyu a kan tayar da 'ya mace ta ɗaura, kuma wane uba ne zai so a ce a tasha 'yarsa ke ci da shi? Shekara uku muka yi a haka.

Mun raba aikin gida biyu. Mai nauyi nawa, na ƙarshe nasa. A ƙafar mota, misali, ni ke ɗaure babban noti. Shi ke dubawa, ya zura fin, wato ɗan siririn ƙarfen nan mai baki biyu da ke ratsa noti ya hana shi juyawa, ya lanƙwasa bakin, sannan ya buga murfin da ke rufe su da hannun hagu. A wurinmu in murfi ya hau, aiki ya ƙare ke nan. Ban taɓa buga murfi ba, ko sau ɗaya, sai ranar da zan faɗa muku.

Motar Malam Sahabi, mutumin Maradun, a-kori-kura ce ta zamanin da, gadon mahaifinsa. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Benci biyu gare ta a baya suna fuskantar juna, da rumfar tamfol. Kayanta ba a samu a shago, sai wurin 'yan gwangwan. An sha taya ta, masu son tsofaffin motoci har daga Sakkwato, ya ce ba ya sai da ubansa. Kowace Talata yakan kwaso mata 'yan kasuwa daga Tsibiri da Maradun ya kawo su Mafara, ya mai da su kafin rana ta faɗi. Wata Alhamis ya kawo ta, ina jin su ta bayan katanga. Bayan sun gama gaisuwa, gida da iyali da gona da gajiyar hanya, ya ce:

"Malam Garba, tsohuwa ta kama rawa. Da ta kai sittin sai ta dinga kaɗa jiki awa mai masassara. Matan nan har sun hwara yi mani waƙa."

"Rawar ga sitiyari kaka jin ta, ko ga mazaunai?"

"Haba Malam, da girmana."

"Ni mota nika tambaya, ba girmanka ba."

"To. Ga mazaunai."

Wannan tambaya ita ce rabin aikin. In rawa tana hannun direba, a nemi ciwon a gaba. In tana kujera da tafin ƙafa, yana baya. Amma bakin direba ba ya isa, sai an shiga motar an ji. Baba ba ya iya hawa baya, ni kuma ba dama in ce zan gwada mota. Sai muka samo dabara tun tuni: a zuba abinci a kwano a ce za ni gidan gwaggona a Birnin Tudu, a rage mini hanya. Gwaggo ta sha mamakin yawan zumuncina.

Ranar na zauna a bencin dama, daidai kan taya, na zame takalmi na dafa ƙasan motar da tafin ƙafa. Baba yana gaba da Malam Sahabi. Muka ɗauki hanyar Bakura inda kwalta ke da ɗan kyau. Baba ya sa ya kai ta sittin, rawa ta zo. Ya sa ya cire giya ya bar ta tana gudu da kanta: rawa tana nan, ke nan ba inji ba ne. Ya sa ya taka mai da ƙarfi ya saki: ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, ke nan ba farfela ba ce, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, don ciwon farfela yana bin mai. Ya sa ya taɓa birki a hankali: sai na ji bugun ya ƙara fitowa a ƙarƙashina, ɗaya-ɗaya, yana bin juyin taya. Na koma bencin hagu. Can babu bugu, sai wani gurnani siriri da ke ƙaruwa in an karya kwana. Da muka tsaya a Birnin Tudu na yi kamar ina gyara takalmi na dafa tsakiyar tayar hagu. Da zafi. Ta dama lafiya lau.

Kada ku yi saurin cewa kun gane. Ana fara zargin abu mai araha tukuna. Da muka rufe ƙofa na ɗaga bayan motar, na duba tayoyi ko akwai kumburi, na ƙwaƙule busasshen laka daga cikin wili, wato ƙarfen tayar, don laka kaɗai tana sa mota rawa, kuma na san wanda aka sauke wa giyabos saboda laka. Na musanya tayoyin gaba da na baya. Sannan na ɗora alli a kan bulo, bakinsa na kusan taɓa wili, na juya taya da hannu. A dama allin yana taɓawa ya saki, ya taɓa ya saki, da tsohuwar tayar da wadda na musanya duk ɗaya. Ke nan ba wili ne ya karkace ba, abin da ke bayansa ne. A hagu na kama taya sama da ƙasa na girgiza, ta amsa mini ƙwas-ƙwas. Boris ya ci. Ciwo biyu ne, kuma duka sai an cire hob.

Hob shi ne kan ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa. A irin waɗannan tsofaffin motoci yana zaune ne a kan bakin sandar da ke juya taya, bakin kuma a tsuke yake kamar kan tabarya, da wani ɗan ƙarfe a kwance cikin tsaga yana riƙe su tare. Shekara da shekaru suna manne, sai su zama kamar abu ɗaya. Ana sassauta babban notin tun taya na ƙasa, mota a giya, duwatsu a gaba da baya. Ba a cire shi gaba ɗaya, a bar shi a bakin zare. Ana ɗora mota a kan kututture, ba a kan jak kaɗai ba. A sassauta birki daga baya. Sannan a kawo ƙaguwa.

Ƙaguwa sunan da Baba ya sa wa ƙarfen jan hob ne, mai ƙafa uku da ƙaton dunƙulen zare a tsakiya. Shi ya zana ta a ƙasa wani maƙeri ya ƙera masa, tun ba a haife ni ba. Ana ɗaura ƙafafunta a kan kusoshin taya, a murɗa na tsakiya har ya ƙi, a ba shi guduma ɗaya a ka, a sake murɗawa. In ya ƙi, a zuba kananzir a tafi a yi wani abu. Na hagu ya fita ran Juma'a da yamma. Na dama sai Asabar da hantsi, bayan na kwara masa tafasasshen ruwa buta biyu. In hob ya saki yakan yi ƙara kamar an harba bindiga, shi ya sa ake barin noti a baki, don kada ya yi tsalle ya karya wa mutum ƙafa. A garinmu yanzu irin wannan ƙara ba abin wasa ba ce. Sai na leƙa na gaya wa Inna da maƙwabta tukuna.

Da na wanke na dama muka ga abin da ya faru. Wani a can baya, da ba shi da ƙaguwa, ya yi ta dukan gefen hob ɗin da guduma don ya fita, ga sawun duka nan rututu. Ya lanƙwasa shi kaɗan, abin da ido ba ya gani sai alli. Baba ya daɗe yana shafa wurin da yatsa.

"Kin gani, Kulu? Wanga ya gama aikinshi ya tahi gida ya ci tuwo. Shekara nawa mata na zaune bisa gaggawarshi."

Aka aika Gusau neman wani hob ɗin. Bai iso ba sai Talata da azahar. Malam Sahabi ya riga ya sa matan da yake ɗauka sun zo kasuwa a wata motar, ya yi musu alkawarin shi zai mai da su da la'asar. Tun da safe mun gama hagu: sabon boris, giris, na ɗaure noti, Baba ya sa fin ya buga murfi. Da na dama ya iso na wanke bakin sandar da fetur na goge shi ƙarau, don wurin nan ba ya son ko ɗigon mai. Na kwantar da ɗan ƙarfen a tsagarsa, na zura hob da duram ɗin birki, na sa wasa, wato zoben ƙarfen da noti ke zama a kai, na murɗa noti da hannu, na ƙara masa ja biyu ko uku da gajeren sifana. Abin da ya rage shi ne ainihin aikin: a tokare hob, a zura dogon bututu a sifana, in hau da nauyina duka har ramin fin ya daidaita. Baba ya fita rumfa, wani ya kawo injin ban-ruwa. Na ɗauko fin ɗin na riƙe, ina neman inda na jingine bututu.

Sai na ji muryar Malam Sahabi a bakin ƙofar kwano, da wasu maza biyu, ƙofar kuma tana motsi. Bai taɓa shigowa ba sai ranar. Ina cikin rigar aiki, kaina ba ko ɗankwali. Ban san abin da ya sa ba, ko don an saba mini kada a bar bakin ƙarfe a buɗe ƙasa ta shiga, ko don kada su ga aiki a tsakiya su tambayi mai yi. Na ɗauki murfin na ɗora, na buga shi da tafin hannu, na ruga ta 'yar ƙofa. Fin yana hannuna.

Ta tsagar ƙofa na ga Baba ya shigo bayansu yana jan ƙafa. Ya dubi hob ɗin dama, ya ga murfi. Ya ɗan tsaya. Na san abin da yake yi, yana neman lokacin da ya buga shi a cikin kansa.

"An gama?" in ji Malam Sahabi.

"Ga shi kana gani."

"Ka dai ɗaure ta da kyau? Ka san hanyarmu yanzu, ba a son tsayawa cikin daji."

"Ni da hannuna. Sa tayarka."

Ba zan ce ban samu lokaci ba. Sa taya, sauke mota daga kututture, loda buhuna da jarkoki, ya ɗauki fiye da minti ashirin. Abin da zan ce bai wuce "Baba, Inna na kira" ba. Na tsara shi a bakina. Amma na ga abin da zai biyo baya: ya dawo ya ɓalle murfi a gabansu bayan ya ce shi da hannunsa, a kawo bututu, a ga ba ya iya ja, a tambayi to wa ke ja. A gidanmu ba a tashe mu a kan uba ya faɗi magana gaban maza 'ya ta fito ta warware ba. Na ce wa kaina notin ai ya ɗan kama. Na ce Maradun ba nisa.

Ina tsaye a nan wata dattijuwa ta yi sallama ta shigo tsakar gida, cikin fasinjojin. Tumba sunanta, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga Tsibiri.

"Ɗiyata, taimake ni da ruwa, kasuwa ta shanye ni."

Na yafa zane na ɗebo mata a moɗa. Ta sha, ta dubi hannuna.

"Wanga baƙi hwa? Tukunya kika wanki?"

"Eh, Inna."

"Allah shi yi albarka. Ɗiyan yanzu ko tsintsiya ba su ɗauka." Ta kwance bakin zane ta ba ni ƙuli-ƙuli biyu. Na karɓa da hannu ɗaya, don ɗayan a dunƙule yake. Ta fita ta hau. Na ji an tada mota.

Na ce da Baba ya dawo daga la'asar zan gaya masa ya kira Malam Sahabi a waya ya tsaya. Ya dawo da rake a hannu, fuskarsa a sake, ya ce, "Yau mun yi aiki, Kulu." Na karɓi raken. Na ce bari ya zauna tukuna. Na ce bari ya gama shan ruwa. Wayar ce ta riga ni.

Sun wuce rabin hanya, a wata gangara kafin kwalbati. Notin ya warware, murfi ya fice, taya da duram suka fita tare suka wuce motar suka shiga gonar dawa. In duram ya fita birki ya tafi, Malam Sahabi ya taka ya ji ƙafarsa ta kai ƙasa. Motar ta ja gindi ta kwanta a rami ta gefen dama. Ba wanda ya mutu. Da yawa sun kuje, wani ya fasa goshi. Tumba ce a kan tayar, hannunta ya karye wuri biyu. Suna nan a bakin daji rana na faɗuwa, mata na ta salati, har mutanen wani ƙauye suka zo da babura.

Washegari Baba ya je da kansa aka jawo motar. Ya kira ni kango ya nuna mini bakin sandar, zaren duk ya cinye. Ya sa tsinke a ramin fin ya fito ta ɗaya gefen.

"Da fin ya karye, da guntunshi na ciki. Ramin wayam. Ban sa ba, Kulu. Na buga murfi bisa babu." Ya goge tsinken a riga. "Ke kin yi naki. Noti ko an ɗaure, in ba fin, hanyar Maradun na kwance shi. Kar ki sa ma ranki komi."

Da ya fita na ɗauko fin ɗin daga ƙasan akwatina na jefa a masai.

Ran kwana uku muka je Maradun, gidan ƙanen Tumba inda mai ɗori ke duba ta. Inna ta dafa abinci ta ce in riƙe. Baba ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, da ƙafar nan tasa da ba ta son lanƙwasa, ya ce laifinsa ne, tsufa da ciwo sun ci shi bai yarda ba, ta yafe masa. Hannunta na ɗaure da karare, ya kumbura har yatsu.

"Tashi, Malam, kar ka sa a ɗora mu biyu. Na yahe. Abin da ad damuwata gyaɗa ce, wa za shi murza mani tunkuza da hannu guda?" Sai ta hango ni. "A'a, ɗiyar kirki ce. Ita ta ba ni ruwa rannan. Malam, ka yi dace da ɗiya."

Na ajiye kwanon na fita waje na tsaya a bayan rumbu. Aka ce warin maganin ɗori ne ya kore ni.

Daga ranar Baba bai ƙara taɓa ƙarfe ba. Mai injin ban-ruwa ya zo, ya ce ya ɗauki abinsa. Ya je tasha da ƙafarsa ya gaya wa direbobi ya bar aiki, kowa ya kai motarsa inda hankali yake. Yana zama a zaure daga safe har azahar. Inna ta aike shi sayen gishiri ya ce a rubuta masa. Kowace safiya ina cewa yau, kowace yamma ina cewa gobe.

Ran kwana goma sha ɗaya Malam Sahabi ya zo da wani bakanike daga Bakura, wanda zai ja motar ya gyara a can. Baba ya ce tunda ya zo ya haɗa da kayan aikin duka. Ya sa aka shimfiɗa buhu a kango aka jera su, sifanu, jak, bututu, guduma. Ina bayan 'yar ƙofa, inda na tsaya wancan karon. Mutumin Bakura ya ɗaga ƙaguwa yana juyawa.

"Malam, wagga ai ba a samun irinta. Ka tabbata?"

"Ɗauka. Wanda bai san ko ya sa fin ko bai sa ba, bai kamata shi riƙe ta ba."

Sai na tura ƙofar na shiga na durƙusa. Ban gaishe su ba ma.

"Baba, ba kai ba ne. Ni na buga murfin."

"Shiga gida, Kulu."

"Ban ɗaure notin ba. Da hannu na murɗa shi. Na ji su Malam za su shigo na rufe na gudu. Fin ɗin yana hannuna lokacin da ka ce an gama. Ina jinku."

Mutumin Bakura ya ajiye ƙaguwa a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Malam Sahabi ya dubi Baba, ya dubi hannun Baba, ya dube ni.

"Mi ya kai ki ga notin motata?"

Baba ne ya amsa, kansa a ƙasa. "Ita ka yin aikin. Tun da nit tashi ciwo."

"Shekara ukku? Kulocin bara?"

"Ita."

"Sifirin da anka canza da azumi?"

"Ita."

Malam Sahabi ya cire hula ya mayar. "Malam Garba, ni da kai shekara ashirin. Da ka hwaɗa mani, in na ga dama in bari, in na ga dama in ɗauke motata. Amma ka bar ni in zaɓa." Ya juyo wurina. "Ke kuma. Minti nawa muna loda kaya? Ko tari kinka yi ai da mun waiga. Mutum goma sha ɗaya na ɗauka rannan, har da mai goyo."

Ya tsaya yana kallon motarsa, ta karkata a kan kututture, tamfol a yage. Can ya ce wa mutumin Bakura ya yi haƙuri da wahalar da aka ba shi, a bar motar nan tukuna, zai yi tunani. Bai ce ya yafe ba, kuma har yau bai ce ba. Da za su fita ya buɗe ƙofar kwanon duka biyu ya tokare su da dutse, ya ce in dai motarsa na ciki kada a sake rufewa. Kafin magariba labari ya kai tasha. Ta haka kuka ji akwai mace bakanikiya a Mafara.

Muka rage ni da Baba. Na jira faɗa, na jira ko mari, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya zauna a benci. Sannan ya sa hannun hagu a aljihu ya fito da tsakuwa huɗu ya nuna mini a tafinsa.

"Kin san na mi ne? Raka'a nika ƙirga da su. Kwana goma sha ɗaya. Na ce wanda ya manta fin, sallarshi ma ba tabbas." Ya zubar da su a ƙasa. "Murfin da kinka buga, tsoro ne, kuma ni na koya maki tsoron. Da na ce ni da hannuna, ƙarya ce, wagga tawa ce, ni ka amsa ta. Amma kwana goma sha ɗayan nan, Kulu, naki ne ke kaɗai."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Kwashe kayan ga ki mai da su inda suke. Ki shafa ma ƙaguwa mai."

Na kwashe. Yanzu sati biyu ke nan. Mota ɗaya ce ta shigo tun daga ranar, ita ma mai ita ya zauna a benci daga farko har ƙarshe, mutane na leƙe daga titi. Baba ya koma sa fin da buga murfi, sai dai yanzu kafin ya buga sai ya ce in faɗa da baki, da ƙarfi, mai mota na ji, abin da na ɗaure da abin da ban ɗaure ba. Yana yi mini magana a kan aiki. A kan wani abu daban, ba sosai ba tukuna.

Tumba ta koma gida Tsibiri, an ce hannun ya fara kamawa amma yatsu biyu ba sa motsi. Ban sani ba ko labari ya kai mata. Baba ya ce ko ya kai, ba daga bakina ya kai ba. Jibi zai kai ni. Ya ce shi a zaure zai tsaya, don ya riga ya durƙusa mata sau ɗaya a kan abin da bai yi ba. Ni zan shiga ciki.